Ƙwai Goma daga Akurkin Tato

A watan Satumba masu binciken suka dawo Hrabinovce. Ni ce nas a ɗakin shan maganin ƙauyen, shekarata ashirin da bakwai ina aikin, don haka duk sanda suka taso daga Bratislava, babban birninmu, da akwatunansu masu ƙanƙara, ni suke fara nema. Zuwansu na farko jinin masu jego da na jarirai suka ɗiba, 'yata Radka ma tana cikin jariran. Daga baya suka riƙa dawowa suna auna kunnen yaran da wuyansu. Wannan karon ƙwai suke so: ƙwan kajin gida guda goma daga kowane akurki, da ƙasar da kajin ke tonawa, sai jinin masu gidan in sun yarda.

Shugabarsu, Dakta Hedviga Lacková, doguwar mace ce marar jiki, kullum tafiyarta kamar bas zai tashi ya bar ta. Ta baje takardu a kan teburina ta ce, "Pani Blažena," wato Malama Blažena, sunana ke nan, "gida arba'in muke so. Ke suka sani. In ni na shiga, ɗauka za su yi daga ofishin haraji nake."

A ƙauyenmu ba a yi wa kowa dogon bayani kan abin da suke nema. Tun ina firamare masana'antar sinadaran da ke gabas da mu ta daina yin man nan mai guba da ake kira PCB, amma man bai tafi ba. Yana kwance a lakar magudanar da ta ratsa bayan gidajenmu ta faɗa kogi. Ba ya ruɓewa, in kuma ya shiga jiki sai ya sami kitse ya zauna. Tuntuni aka hana mu cin kifin magudanar. Kaji ne ba a taɓa waiwaya ba.

Cikin sati biyu na haɗa gida talatin da tara. Wasu sun ba ni ƙwan har da kofi da kek. Na arba'in shi ne gidan mahaifina, na bar shi ƙarshe don na ɗauka shi ne mai sauƙi.

Mahaifina Vendelín, wanda nake kira Tato, shekararsa saba'in da takwas, tsohon direban tifa ne. Tunda mahaifiyarmu ta rasu, kajinsa ashirin da biyu su ne abokan hirarsa. Na same shi a bayan gida yana daka musu dafaffen dankali da dusa.

"Tato, ƙwai goma ne kawai."

"Ko ɗaya."

"Maƙwabcinka Metod ya bayar."

"Metod ko haƙoransa aka ce ana so a Bratislava zai cire ya miƙa."

"To me zai rage ka? A duba ne kawai."

"An duba ki, an duba Radka, an duba rabin ƙauyen nan shekara ashirin. Wa aka warkar?" Ya goge hannunsa a wando. "Saba'in da takwas gare ni, kullum ƙwai biyu nake ci. Ki je ki rubuta musu wannan."

Da a ce shi kaɗai ke cin ƙwan, da na ƙyale shi. To amma Radka na da cikin wata huɗu. A Košice take zaune da mijinta, kuma kowace Juma'a Tato yana jera ƙwai talatin a tire, ya ɗaure da igiya, ya kai wa direban bas ɗin ƙarfe takwas ya kai mata. Cewa yake ƙwan kanti ruwa ne zalla, jikanyarsa ba za ta haifi ɗa da ruwa ba. Ita kuma tana ci, safe da yamma, har hoton gwaiduwar take turo masa a waya.

Na koma sau uku. A na ukun ya ɗauki rediyonsa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Ranar Talata da safe yakan je maƙabarta ya cire ciyawar kabarin Mama. A wata Talatar na jira har ya sha kwana wajen coci, na shiga ta ƙofar lambu. Ƙwai goma na ɗauka, wasu da ɗuminsu, na kankaro ƙasa a cikin gwangwanin da aka ba ni. Zakaran ya bi ni har ƙofa yana masifa. Da na koma ofis na ɗauko takardar amincewa, wadda dole mai gida ya sa wa hannu. Na san sa hannun Tato kamar nawa, tun ina makaranta nake kwaikwayonsa a kan katin sakamako. Na sa. Na manna lamba arba'in a kan akwatin, da rana motarsu ta tafi da shi.

"Yaushe sakamako?" na tambayi Dakta Lacková.

"Sati shida, in injin bai yi gardama ba. Wataƙila takwas."

Sati takwas, ƙwai talatin-talatin. Na tsaya a bakin ƙofa ina lissafin abin da zai shiga cikin Radka kafin lokacin, hankalina ya ƙi kwanciya. In na kira ta na ce ta daina, za ta tambayi dalili, ni kuwa ba ni da komai a hannu sai tsoro. Ga shi hawan jininta bai daɗe da daidaituwa ba. In kuma ta faɗa wa kakanta, zai gane na shiga akurkinsa.

Ranar Juma'a na je gidansa da sassafe na ce, "Tato, gwiwar nan taka. Kawo tiren, hanyata ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yau kuma wace rana ce ta waliyyai?"

"Kawo mana."

Ya bayar. Ban kai tasha ba sai da na biya ta ofis. Tun ranar Laraba na je Michalovce na sayo ƙwan kanti talatin, jajaye irin nasa. Kowane ƙwan kanti da jan tambari a jikinsa, don haka na zauna da auduga da ruwan kal ina goge su ɗaya bayan ɗaya. Na jera su a tirensa, na ɗaure da igiyarsa irin ɗaurinsa, har da ɗan gashin kaza na liƙa a gefe. Nasa kuwa na rasa yadda zan yi da su. Ba zan ci ba, ba zan ba wa kowa ba. Na fasa su a cikin bokitin sharar asibiti, gwaiduwarsu jawur, na rufe.

Haka na yi ta yi Juma'a shida.

Ban taɓa sanin sati yana da tsawo haka ba. Ina cikin auna wa tsohuwa jini sai in manta lambar da na gani, in sake. A coci ba na iya zama har a gama, sai in fito in zagaya maƙabarta in dawo. Na zaro tsohon fayil ɗin Radka na jarirantaka na karanta har na haddace, duk da na san babu sabon abu a ciki. Kowace Litinin sai na kira Bratislava.

"Pani Blažena," in ji Dakta Lacková a kira na huɗu, "ba kiranki injin yake jira ba. Akwai wani abu ne?"

"Babu. Mutane ne ke tambaya."

Ba wanda ke tambaya. Mutane suna ta haƙar dankali da yanka kabeji suna cika ganguna.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da ake kai wa matattu kyandir, Radka ta zo. Cikin ya fito sosai. Muka je kabarin Mama da rana, muka dawo gidan Tato cin abinci. Na yi pirohy, wato dafaffen ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki, shi kuma ya soya albasa da kitse ya zuba a kai. Radka ta ci faranti biyu, ta jingina da bango tana shafa ciki, ta dubi kakanta.

"Dedo, kajin nan naka sun tsufa kamarka."

"Tsufan uban wa? Bana na ƙaro shida."

"To yajin aiki suke. Gwaiduwar ta koɗe fat, kamar ba sa ganin rana."

"Idonki ne ya koɗe. Zaman birni."

"Wallahi da gaske nake." Ta yi dariya. "Har na ce wa Igor kajin Dedo sun fara karatu. Ɗaya na gani da ɗan jan rubutu a gefe, kamar lamba."

Igor mijinta ne, bai zo ba ranar. Da ma ya zo, ko zai sa baki da wata maganar. Tato ya ajiye cokali mai yatsu a hankali. Bai dubi Radka ba, ni ya duba.

"Blažena."

Na kasa ɗaga kai.

"Ina ƙwaina?"

"Na fasa su, Tato."

"Sati nawa?"

"Shida."

Radka ta gyara zama, dariyar ta ɗauke. "Mami, me ake ciki? Me ya sami ƙwan?"

Sai na faɗa musu duka: masu binciken, da shigata akurki, da takardar da na sa wa hannu. Na ce ban san komai ba tukuna, wataƙila ƙwan lafiya lau yake.

"Ba ki san komai ba," in ji Radka, "amma kin san abin da zai sa ki zauna kina goge ƙwai da auduga. Ni ce mai cikin, Mami. Ba ki ga ya kamata ki ɗaga waya ba? Wata huɗu na yi ina ci kafin ki fara wannan wasan."

"Tsoron jininki na ji."

"To yanzu auna shi ki gani."

Tato ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita bayan gida. Ta taga na hango shi tsaye a tsakiyar kajin, hannuwansa a baya, yana kallon ƙasa. Na ɗauka fushin satar ne. Na raka Radka bas ɗin ƙarfe huɗu, ko sallamar kirki ba ta yi mini ba.

Kwana goma sha ɗaya Tato bai yi mini magana ba. In na kai masa miya sai in tarar da ƙofa a kulle, in ajiye a kan benci. Juma'a ta zo, na tsaya a tagar ofis ina kallon tasha. Bai fito da tire ba.

Ranar goma sha biyu Dakta Lacková ta zo da kanta, ba ta ko kira ba. Ta rufe ƙofar ofis ta zaro takarda. Yawancin gidajen, in ji ta, da sauƙi, wasu sun ɗan haura iyakar da doka ta yarda. Gida huɗu ne suka fita daban.

"Kuma abin da ya ɗaure mini kai, ba su ne mafi kusa da magudanar ba. Biyu ma a ƙetaren titi suke. Mafi yawa shi ne lamba arba'in." Ta juya takardar ta fuskance ni. "Ya ninka iyakar sau tara. Sunan mahaifinki ne, ko?"

Na zauna. Na ce, "Pani doktorka, ba shi ya sa hannu ba. Ni na sa."

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin san abin da kika yi? In wannan ya fita, gida talatin da tara ɗin nan ma sai a ce ƙarya ce. Shekara ashirin muna lallashin mutane su yarda da mu."

"'Yata na da ciki. Ƙwan take ci."

"Da kin faɗa mini tun Satumba, da na ce ta dakata har mu gani, shi ke nan. Magana ɗaya ce." Ta mayar da tabaraun. "Ba zan sa lamba arba'in a binciken ba, kuma dole in rubuta abin da ya faru. Amma ba zan bar mutum yana cin wannan ba. Ɗauki rigarki."

Mun sami Tato yana faskare. Ya ga likitar, ya kafa gatarin a kan kututture, ya buɗe mana ƙofar kicin. Ita ta fara ba shi haƙuri, ta ce an ɗauki kayansa ba da izininsa ba, yana da ikon ya ce a yaga takardar ba tare da ya ji abin da ke ciki ba.

"Karanta," ya ce.

Ta faɗa masa. Ya tambaye ta:

"Daga ina yake shiga kazar? Abinci ko ƙasa?"

"Ƙasa, pan Vendelín. Ƙasar gidanka ta fi ƙwan ma. Abin da na kasa ganewa ke nan, tsakaninka da magudanar akwai gidaje biyu da lambu."

"Sauran ukun su waye?"

"Ba zan iya faɗa maka ba."

"To ni zan faɗa miki. Metod. Gidan Hudák na ƙetaren titi. Sai gwauruwar nan Irena."

Likitar ta dube ni. Na girgiza kai, ban faɗa masa ba, ni kaina ban kai ga karanta sunayen ba.

Tato ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur. Ya ce a bazarar shekarar alif ɗari tara da saba'in da tara aka yashe magudanar, don ta cushe tana ambaliya. Shi aka ba wa aikin kwashe lakar da tifa ya kai wani rami bayan gari. Laka ce baƙa wuluk, mai maiƙo, kowa ya gan ta ya ce wannan ai taki ne. Ƙasar gidanmu kuwa jar yumɓu ce, ko albasa da ƙyar take yi.

Ba tare da ya dube ni ba ya ce da ni, "Mahaifiyarki ce ta ce in kawo mata ko lodi ɗaya ne. Na kawo uku. Shekarar nan kabewarmu sai da mutum biyu suka ɗaga ta. Maƙwabta suka gani, kowa ya ce Vendelín, nawa fa? Na riƙa sauke musu da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Wani ya ba ni kwalba, wani ya ce na gode."

Na tuna tifar. Shekarata bakwai, na tuna ina hawa tudun baƙar ƙasar ina gangarowa, Mama tana faɗa don na ɓata safa.

"Tun yaushe ka yi tunanin haka, Tato?"

Karo na farko ke nan da ya dube ni cikin kwana goma sha biyu. "Tun ranar da aka kafa allon hana kamun kifi. Na ce wa kaina ai an daɗe, ruwan sama ya wanke. Da mahaifiyarki ta kwanta ciwo na sake tunani, na sake cewa ruwa ya wanke." Ya juya ga likitar. "Shi ya kashe ta?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Ba kuma wanda zai iya ce maka e ko a'a a kan mutum ɗaya. Duk wanda ya ce maka ya sani, ƙarya yake."

"Jikanyata fa?"

"Za mu ɗebi jininta gobe in ta yarda. Sannan mu yi magana a kan lamba, ba a kan tsoro ba." Sannan ta tambaye shi, "Pan Vendelín, gida nawa ka kai wa?"

Ya miƙa hannu ya yago bayan kalandar coci daga bango. Na ba shi birona. Ya zana titin ƙauyen, da cocin, da gadar, ya fara sa alama. Wani wurin sai ya tsaya ya rufe ido, ya ce a'a, wannan ɗan'uwansa ne ya karɓa, ya soke. Goma sha ɗaya suka tsaya. Takwas daga ciki ba sa cikin gidajen da na bi, don wasu ba su da kaji, lambu kawai suke yi.

"Wannan takardar," in ji Dakta Lacková, "da mun yi shekara biyar muna haƙa ba mu same ta ba."

"Kawo taki takardar," ya ce. "Ta gasken. Ni zan sa hannu wannan karon, tunda ina da rai." Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini damtse. "Ke kuma ɗebi jinin, ai kin iya ɗiba."

Sai da na soke shi sau biyu kafin na sami jijiyar.

Likitar ta ce ita za ta rubuta wa gidajen wasiƙa. Tato ya ce babu wasiƙar da za ta riga shi, shi ya kai musu ƙasar, shi zai kai musu labarin. Washegari ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, muka fara da Metod.

Metod ya saurara har ƙarshe, ya sosa ƙeya. "To yanzu me kake so in yi maka, Vendelín? In dake ka? Ni na roƙe ka, har sau biyu na zo. Shigo mu sha wani abu, sanyi ake."

Ba kowa ne Metod ba. Ɗan Hudák ya ce gidan da yake shirin sayarwa yanzu wa zai saya, ya ce Tato ya fita kafin ya saki kare. Irena ta yi kuka, mijinta da ɗanta duk ciwo ɗaya ya ɗauke su, ta tambaye shi abin da shi ya tambayi likita. Ya ba ta amsar da aka ba shi. Ta ce, "To je ka," ta rufe ƙofa a hankali. Muna tafe a titi yana jan ƙafa, na ce mu bar sauran sai gobe. Ya ce in na gaji in koma, shi ya san hanya.

Jinin Radka ya ɗauki sati biyar. Ba ta kira ni ba a lokacin, Igor ne ke ba ni labari. Da sakamakon ya fito ita ta kira da kanta. Ya fi na matan Košice sa'o'inta, bai kai na matan ƙauyenmu da yawa da suka haifi 'ya'ya lafiya ba. Likita ta ce ta shayar da nono in ta haihu, amfaninsa ya fi abin da ake tsoro, kuma za su riƙa duba abin da ta haifa.

"Ba ta ce ba komai ba, Mami. Na matsa mata, ta ƙi cewa ba komai."

"Ba ta faɗin abin da ba ta sani ba."

"Na lura." Ta ja numfashi. "Yaya Dedo?"

"Ki kira shi mana."

"Na kira. Labarin yanayi ya yi ta ba ni."

Nawa jinin da na Tato sun fi nata nesa ba kusa ba. Ni aka ba ni takardar gargaɗi daga wurin aiki, aka kuma cire hannuna daga takardun binciken. Wata nas daga Michalovce ke zuwa karɓar sa hannu yanzu, ni sai dai in nuna mata ƙofa.

Kajin ba a iya cinsu, ba a iya sayar da su. An ce a kashe a ƙone, Tato ya ce ba su yi wa kowa laifi ba. Yana nan yana ba su dankali da dusa, kowace safiya ya tattara ƙwan a bokiti mai murfi, ranar Alhamis motar shara ta musamman ta zo ta ɗauka. Ƙasar kuwa, ofishin ƙauye ya rubuta takardu a zo a kwashe, har yanzu ana jiran amsa. Shi da Metod suka shimfiɗa baƙar leda a kan lambun suka danne da bulo.

A watan Fabrairu Radka ta haifi mace, aka sa mata Etela. An gwada kunnenta kwana uku da haihuwa, duka biyun suna ji. Na kai Tato Košice a bas. Ya wanke hannu sau biyu kafin ya karɓe ta, ya riƙe ta nesa da ƙirjinsa kamar kwano cike da ruwa.

"Dedo, ba za ta fashe ba," in ji Radka.

"Hancin Igor ta ɗauko, baiwar Allah."

"Naka ne, je ka duba madubi."

Gida goma muka gama kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Na goma sha ɗaya yana can bayan gadar, masu shi na asali sun mutu, magada sun sayar, duk lokacin sanyi a kulle yake. Sai a watan Afrilu muka ga hayaƙi a bututunsa. Wasu miji da mata ne daga Prešov suka saya, da 'ya'ya biyu ƙanana. Ranar Asabar da safe Tato ya biyo mini, da kwat ɗinsa, bai ce ina za mu ba, ni ma ban tambaya ba.

Mun tarar da matar a durƙushe a lambu, ta ja igiya ta yi kunya huɗu, fakitin irin karas a gefenta. Ta ɗago ta gan mu a bakin shinge, ta yi murmushi ta share goshi da bayan hannu.

"Sannunku. Maƙwabta ne? Kun ga ƙasar gidan nan kuwa? Ita ta sa muka saya. Ban taɓa ganin baƙar ƙasa mai kyau haka ba."

Tato ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Sunana Vendelín, wannan 'yata ce, nas ce a nan. Kin riga kin zuba irin?"

"Yanzu zan fara."

"To dakata tukuna, 'yata. Kira maigidan naki, ku ba mu wurin zama. Maganar da ɗan tsawo."

Ta dube shi, ta dube ni, murmushin ya ragu. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwoyinta ta zo ta buɗe mana ƙofar shingen.